Tsakar Gidan da Babu Bishiya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki Mai Walda da yara baki ɗaya, da fatan ciwon gwiwar nan ya sake ki. Ni lafiyata lau, sai kafaɗa da take yi mini tsiya idan na wuni a rataye. Ginin da muke wanke wa gilashi yanzu ya fi na bara tsawo, in na leƙa ƙasa motoci kamar kiyashi nake ganinsu.

Na koma takarda kamar yadda kika ce, tunda wayarmu kullum da faɗa take ƙarewa. Ita kuma Shalele in an miƙa mata, daga "lafiya lau" sai "to", har katin ya ƙare. Abin yana ci mini rai, Yaya. Ita kaɗai gare ni. Bayan rasuwar uwarta na bar miki ita ko ɗaurin takalmi ba ta iya ba, yau ga shi ban san me take so ba, ban san me ke ba ta dariya ba.

Shi ya sa na aiko da wannan kwalin ta hannun direban kamfaninmu. Igiya ce a ciki mai faɗi, irin bel ɗin da ake ɗaure kaya da shi a bayan babbar mota, sai wani ƙarfe mai hannu da ake ɗame ta da shi. Ana ɗaura ta tsakanin bishiyoyi biyu, tsayin gwiwa daga ƙasa, mutum ya hau ya taka daga wannan bakin zuwa wancan. Kada ki ce wasan banza ne. Ranar hutu shi muke yi a lambu ni da abokan aikina, kuma duk cikinsu babu mai kamo ƙafata. Kin san ban yi nisa a karatu ba, ba ni da abin da zan koya wa yarinyar nan da ya wuce tsayuwa a kan igiya. Wannan kam na iya, kuma a hannuna nake so ta koya.

Shugaban aikinmu ya ce da mun gama ginin nan zai sa hannu a takardar hutuna. Don Allah a ajiye kwalin, kada a ɗaura sai na zo. Ki ce mata babanta yana tafe.

Ƙanenki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, ni da ita mun saba. Shalele ta yi mura ta warke. Kafaɗar nan ka riƙa shafa mata man zafi, ka bar jarumtar banza.

Kwali ya iso. Na karanta takardarka har inda ka ce "tsakanin bishiyoyi biyu", sai na ajiye ta na yi dariyar takaici. Wace bishiya, Auta? Tsohon gidan da muka taso kake gani a ranka? Gidan da Mai Walda ya gina mana, tsakar gidansa siminti ne tun daga ƙofar kicin har bakin bayi. Katanga ta kowane gefe, sai tankin ruwa a kan ƙafafunsa, sai igiyar shanya. Ko ciyawa ba ta da wurin fitowa. Hoto nawa na tura maka 'yarka tana tsaye a tsakar gidan nan? Ashe ko sau ɗaya ba ka duba inda take zaune ba.

Ɓoye kwalin kuwa bai yiwu ba, a gabanta direban ya sauke shi. Ta warware igiyar ta shimfiɗa a kan siminti, tana takawa da hannu a buɗe kamar mutumin da aka zana a jikin kwalin. Kowace yamma sai ta yi, in ta gama ta naɗe ta tura ƙarƙashin gadonta. Kowace yamma kuma tambayarta ɗaya ce: "Gwaggo, sun gama ginin?" Ni ina na san ginin nan? Wannan ba shi ne hutun farko da ka sa na yi mata albishir da shi ba. Na baya duk ni na share hawayen, kai kana can sama kana goge gilashin mutane.

Mai Walda ya ɗauki ƙarfen ya jujjuya, ya ce aikin rabin yini ne. Zai kafa ƙugiya a katanga, wata a ginshiƙin baranda, a ɗaura mata ta huta da takawa a ƙasa. Ya ce duka-duka yarinyar nawa take, ko buhun siminti ba ta kai ba. Na ce ya dakata in tambaye ka, tunda kayanka ne. To na tambaye ka, sai ka amsa da wuri.

Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ku, ina lafiya. An ɗauke mu daga wancan ginin ba mu gama ba, an kawo mu wani gari wanke tankunan wata masana'anta. Takardarki sai da ta yi yawo hannu-hannu kafin ta same ni. A tsaye nake rubuta wannan, motar da za ta fita tana jirana.

Maganar hoto, 'yata nake kallo, ba katanga ba.

Hutu ya ɗan ja, sabon wuri ne da sabon shugaba. Amma ina nan tafe. Ki ce wa Mai Walda na gode, amma kada ya taɓa. Wannan ba aikin walda ba ne, kuma ban yarda da hannun kowa a kansa ba sai nawa. Zan yi bayani in na samu zama.

Auta

Auta,

Muna gaishe ka. Lafiya kam ba zan ce maka lau ba. Mai Walda ya karye a idon sawu, an yi masa ɗori a asibiti, ƙafar tana cikin farin ɗauri har gwiwa. Shalele ƙalau take, ko ƙwarzane babu. Na fara faɗa maka wannan ne don ka iya karanta sauran.

Takardarka ta iso bayan mun gaji da jira, na kuwa buɗe ta muna cin abinci na karanta a fili, ina zaton umarnin ɗaurawa ne a ciki. Da na zo kan "ba aikin walda ba ne", sai Mai Walda ya daina ci. Ya ajiye cokali ya tashi ya wanke hannu. Ka san shi, ba mai magana ba ne. Sai da yara suka fita ya ce mini, "Ni nake kai ta makaranta a bayan babur, ni nake bin layin asibiti da ita, ba a taɓa cewa ba aikin walda ba ne. Sai a kan igiya." Ni ma haka na ji maganar.

Ranar hutunsa ya huda katangar da ke tsakaninmu da maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai kaji, ya zura ƙarfe mai ƙugiya ya ɗaure da noti ta baya. Ɗaya bakin ya kai shi ginshiƙin baranda. Ya yi ta jan hannun ƙarfen ɗamewa yana ƙas-ƙas har igiyar ta miƙe sak, in an taɓa ta sai ta yi ƙara. Shalele ta cire takalmi za ta hau, ya ce ta tsaya ya fara gwadawa. Allah ne ya sa masa wannan maganar a baki. Ya ɗora ƙafa ɗaya, yana ɗaga ta biyu sai na ga katanga ta sunkuyo kamar mai gaisuwa. Bulo ya zubo a kansa. Akurkin tsohuwa da ke jingine ta can gefen ya bi bayan katangar, kaji suka watsu cikin gidanmu, ita kuma ga ta tsaye da tsintsiya a hannu tana kallonmu ta inda katanga take ɗazu. An mayar mata da katangarta da akurkinta, amma har yau da ƙyar take amsa gaisuwata.

Yanzu shagon sai abokin aikinsa ke buɗewa, shi yana zaune a baranda da ƙafa a kan kujera. Shalele ta naɗe igiyar ta tura ƙarƙashin gado, ba ta ƙara fito da ita ba. Ta ce ita ta jawo. Da ta dawo makaranta tana gefensa, ita ce kawo ruwa, ita ce gyara filo.

Ka ce za ka yi bayani in ka samu zama. In ka san katanga za ta faɗi, layi ɗaya ya ishe ka ka ce katanga za ta faɗi. Amma ka samu wurin rubuta cewa ba ka yarda da hannun kowa ba. Raina a ɓace yake, Auta, ba zan ɓoye maka ba.

Yayarka

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki ce wa Mai Walda ina yi masa sannu, Allah ya ba shi lafiya ya miƙar da ƙafar. Ni ina lafiya, amma ranar da na karanta takardarki ban hau igiya ba, na ce musu kaina ke juyawa.

Ba nauyin yarinya ake dubawa ba, Yaya. Igiyar nan in an ɗame ta, ja take yi ta gefe kamar mota na jan mota, mutum yana hawa kuma jan ya ninka. Katanga an gina ta ne ta tsaya, ba a ja ta ba. Abin da nake nufi ke nan da na ce ba aikin walda ba ne. Ban raina sana'ar mutumin da ke ciyar da 'yata ba. Na yi gaggawa, na yarda. Amma ke kika raine ni, kin san bakina bai iya jera magana ba, kika zaɓi ki karanta ta ta inda ta fi zafi, a gabansa kuma, yana cin abinci.

Sauran maganar kuwa ba zan janye ta ba. E, ina kishi. Duk takardar da kika aiko labarinsa ne, shi ya kai Shalele makaranta, shi ya ɗauko ta, shi ya bi layin asibiti. Kina tsammani ban san wannan ba sai an lissafa mini? Ba yawon shaƙatawa na zo yi nan ba.

Tunda ba za a jira ni ba, ga yadda ake yi. Inda babu bishiya, ƙasa ake ba wa riƙon. A fasa simintin a wannan bakin da wancan, nesa da harsashin katanga, a kula da bututun ruwa. A haƙa rami a gicciye, zurfin ƙugun babban mutum. A kwantar da bututun ƙarfe mai kauri a ciki, a ɗaura sarƙa a tsakiyarsa. Sai a yanka siririyar hanya a bangon ramin don sarƙar ta fito a karkace tana duban ɗaya bakin, kada ta miƙe sama, in ba haka ba ja ɗaya za ta tumɓuke bututun. A mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa, kada a zuba ta gaba ɗaya. Bayan nan a yi ƙafafu guda biyu, kowacce a haɗe a sama a buɗe a ƙasa, tsayin gwiwa, a tsayar da su gaban ramukan igiyar ta bi ta kansu. Su ɗagawa kawai suke yi, ƙasa ce mai riƙewa. In Mai Walda ya warke yana so ya yi, ya yi. Ƙafafun nan aikin walda ne kam, ya fi ni iya su.

Abu ɗaya nake roƙo. Mai koyo ba ya hawa shi kaɗai. Ranar farko ƙafarsa rawa take yi kamar ba tasa ba, dole wani ya tsaya a gefe ya ba shi kafaɗa, ya bi shi taku-taku, yau da gobe, har ƙafar ta daina. Wannan ku bar mini. Ku haƙa, ku binne, ku kafa, amma ƙarfen ɗamewar ki kulle shi a ɗakinki. Kun yi mata komai, ni ban yi mata komai ba sai aike. Ku bar mini kafaɗar nan, Yaya, ita kaɗai na roƙa. Sabon shugaban ya ce ƙarshen watan gobe.

Ƙanenki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ku. Ya ƙafar Mai Walda? Ni lafiya, kafaɗa ma ta yi sauƙi.

Shiru ya yi yawa. Na tambayi direba sau biyu, ya ce ya kai miki takardata hannu da hannu, ba ki ba shi komai ba. Na san watan da na faɗa ya wuce, wani ma ya bi bayansa. Wani abokin aikinmu ne ya faɗi ya ji rauni, aka hana kowa tafiya sai an samu madadinsa. Ba ƙarya na yi miki ba.

Amma yanzu an sa hannu. Takardar tana aljihuna, na taɓa ta ya fi a ƙirga. Ƙarshen watan nan ina gida in Allah ya yarda. Ki ce wa Shalele ta fito da igiyarta ta kakkaɓe. In fushi kike yi da ni ki ci gaba, amma ki rubuto ko layi biyu ne.

Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An kwance wa Mai Walda ɗaurin, ya koma shago, sai ɗan ɗingishi da ya rage. Allah ya ba abokin aikinka lafiya, ya kawo ka gida lami lafiya. Na gyara maka ɗakin da ke kusa da ƙofa.

Ba fushi ya hana ni rubutu ba. Na fara takardar nan na yaga ba sau ɗaya ba. Gara dai ka ji kafin ka iso.

Takardarka ta bayani Shalele ce ta karanta wa Mai Walda, na naɗe rabin da bai shafe ta ba. Ya saurara har ƙarshe, ya sa ta maimaita wurin sarƙa, sannan ya ce mata, "Babanki ya san aikinsa." Daga kan kujera ya yi ta nuni da sandar asibiti, abokin aikinsa ya fasa simintin, ni da yara muka kwashe ƙasa. Simintin nan da nake wankewa kullum yana ƙyalli, yanzu faci biyu gare shi. Da ya fara iya tsayuwa ya yi waldar ƙafafun, ya shafa musu fenti. Ƙarfen ɗamewa na kulle shi a durowar kayana kamar yadda ka ce, na gaya mata dalili.

Ƙarshen watan da ka faɗa, ta yi wanka tun da rana ta sa rigar da ka aiko mata, wadda hannun ya riga ya yi mata kaɗan, ta zauna a bakin ƙofa. Washegari ma haka. Daga nan ta daina, kuma ba ta ƙara tambayata komai ba. Ga ƙafafu a kafe a tsakar gida, ga sarƙa a kwance, kullum ta gefensu take wucewa zuwa makaranta.

Wata yamma ina kicin na ji faɗuwa. Ashe ta fito da igiyar ta ƙulla da hannunta a jikin sarƙoƙin, sako-sako, ta hau ita kaɗai. Haɓarta ta bugu da siminti, sai da aka yi mata ɗinki. A hanyar dawowa daga asibiti na yanke shawara. Na buɗe durowa na miƙa wa Mai Walda ƙarfen, ya ƙi karɓa, ya ce amana ce. Na ce ni aka ba amanar, ni kuma na ga jinin. In za ka yi fushi, da ni za ka yi, shi babu ruwansa.

Dama likita ya ce ya riƙa taka ƙafar kaɗan-kaɗan. To haka suka yi, shi sanda a hannu ɗaya yana ɗingishi a ƙasa, ita a sama hannunta a kafaɗarsa. Yadda ka faɗa haka ya faru, ƙafarta ta yi ta rawa har ta ba ni tausayi. Ta faɗo ya tare, ta hau ta sake faɗowa. A kwana a tashi ya ajiye sandarsa, ita ma ba a jima ba ta saki kafaɗar. Yanzu tana zuwa ƙarshe ta juyo ba ta sauka ba. Gadonka ta yi, Auta, ba mai musun wannan. Ranar da ta fara kaiwa ƙarshe na shiga kicin na yi kuka, don na san abin da na ɗauke maka. Amma ban yi nadama ba. Yaro ba kwali ba ne da za a ajiye sai ka zo.

Jiya na gaya mata an sa hannu, kana tafe da gaske. Ta ci gaba da naɗe igiya, can ta ce, "Gwaggo, zai kalle ni in na hau?" Na ce ai don haka zai zo. Ta ce ko zan roƙe ka ka zauna a ɗaki ranar farko, don in baƙo yana kallo ƙafarta rawa take yi. Haka take, ko tsohuwa mai kaji ta leƙo sai ta sauka. Na ce mata wannan ba baƙo ba ne, babanki ne.

Ta ce, "Na sani, Gwaggo. Ƙafata ce ba ta sani ba."

Na ce zan gaya maka, ga shi na gaya maka. Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka